Yadda za ka sa kwamfutar Linux ta shiga da kanta a baƙin allo, ba tare da jiran kalmar sirri ba

Yayana yana da shagon fotokwafi da buga takardu a Samaru, Zariya, inda ɗalibai ke cika lokacin rubuta aikin kammala karatu. Na haɗa masa wata tsohuwar Dell OptiPlex 'yar gwanjo, na sa mata Debian 12, wani nau'in Linux, ba tare da allon hotuna ba, rubutu zalla a kan baƙin allo. Ita ke karɓar takardu daga sauran kwamfutocin shagon ta miƙa wa firinta. A samanta na ɗora ƙaramin allo da ke nuna jerin takardun da ke kan layi, don yaron shago ya san na wa ya fita, na wa ya rage.

Abin ya yi kyau har aka fara ɗauke wuta. Da an tayar da janareta sai kwamfutar ta taso ta tsaya cak a kan kalmar login: tana jiran suna da kalmar sirri. Sai wayata ta yi ƙara: "Oga, abin nan ya sake tsayawa a wurin nan na jiya." Ranar da kira ya kai huɗu kafin la'asar na ce a'a, gara ta riƙa shiga da kanta.

Kafin ka taɓa komai, tambayi kanka ko da gaske kana buƙatar wannan. A shagon nan, ko da allon ya tsaya a login: firinta na ci gaba da aiki, domin CUPS, manhajar da ke kula da buga takardu, tana tashi da kanta ba sai wani ya shiga ba. Jerin da ake kallo a allo kaɗai ke jiran shiga. Na sha ganin wanda ya buɗe ƙofar na'urarsa don kawai wata manhaja ta tashi a bayan fage, alhali abin da ya dace ya rubuta mata hidimarta a systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji idan an kunna na'ura. A ganina shiga ta atomatik ta abin da dole ido ya gani a allo ce, ko abin da za a taɓa da madannai. Sauran duk akwai hanyar da ta fi.

Wanda ke rubuta login: ɗin nan ƙaramar manhaja ce mai suna agetty, tana cikin kunshin util-linux. Ita ke tsare ƙofa: ta karɓi suna, ta miƙa wa manhajar login, ita kuma ta tambayi kalmar sirri. Yawanci akwai irin waɗannan ƙofofi shida, tty1 zuwa tty6, kana sauyawa tsakaninsu da Alt da F1 zuwa F6, in kuma kana cikin allon hotuna ka haɗa da Ctrl. Ta farko kawai za mu buɗe. Sauran biyar ɗin ka bar su a rufe da kalmar sirrinsu, su ne za su cece ka in ka yi kuskure.

Fara da duba wanda ke tayar da agetty a na'urarka:

ps -p 1 -o comm=

In ya amsa systemd, abin da ke biye naka ne. Debian ta koma systemd tun siga ta 8 a 2015, Ubuntu ma a shekarar, haka Fedora da Arch tun kafin nan. In ya amsa init, akwai bayaninka can ƙasa.

Sai asusun da zai riƙa shiga. Kada ka yi amfani da root, asusun da ke da iko da komai a na'urar, kada kuma ka yi amfani da asusunka na kullum mai ikon sudo, wato mai iya ba da umarni da ikon root. Duk wanda ya zauna gaban madannan ya zama mai wannan asusu, ko ɗalibin da ya zo buga takarda ne ya miƙa hannu ta bayan kantar shagon. Ni sabo na buɗe, na sa masa suna allo:

sudo adduser allo

Ba shi kalmar sirri mai ƙarfi duk da ba za a riƙa tambayarta a tty1 ba, domin SSH, hanyar shiga na'urar daga wata kwamfutar, da sauran ƙofofin suna nan suna tambaya. Kada ka saka shi cikin rukunin sudo.

Yanzu ainihin aikin. Fayil ɗin da ke tsara ƙofofin nan shi ne getty@.service, yana cikin /lib/systemd/system ko /usr/lib/systemd/system. Kada ka gyara shi kai tsaye, ranar da aka sabunta kunshin systemd za a shafe gyaranka ka koma gidan jiya. Ana ɗora masa ƙaramin fayil ne a sama, da wannan umarni:

sudo systemctl edit getty@tty1.service

A Debian yawanci nano ne zai buɗe, wato manhajar gyara rubutu. Za ka ga layuka masu farawa da alamar #, da wani fili a sama tsakanin biyu daga cikinsu. A wannan filin za ka rubuta. Duk abin da ka sa a ƙasan layin gargaɗi na biyu zubar da shi ake yi, ka adana ka fita, ka dawo ka tarar babu komai. Rubuta layuka uku:

[Service]
ExecStart=
ExecStart=-/sbin/agetty --autologin allo --noclear %I $TERM

Danna Ctrl da O, sai Enter, sai Ctrl da X. Fayil ɗin zai zauna a /etc/systemd/system/getty@tty1.service.d/override.conf, kuma umarnin da kansa yake sanar da systemd cewa an yi canji. In da hannu ka ƙirƙiri fayil ɗin, to sai ka bi da sudo systemctl daemon-reload.

Layi na biyu, wanda ba komai bayan alamar daidai, shi mutane suka fi sharewa suna zaton kuskuren bugu ne. Aikinsa goge tsohon umarnin da ke cikin fayil na asali. In babu shi, systemd zai ga umarnin tashi biyu a hidima ɗaya, ya ƙi tayar da ita gaba ɗaya, tty1 ya zauna baƙi ƙirin ba login: ba komai. Ƙaramar sandar da ke gaban /sbin/agetty tana gaya wa systemd kada ya ɗauki fitar agetty da lambar kuskure a matsayin faɗuwa. %I kuwa gurbin sunan ƙofa ne, a nan tty1, shi ya sa layin zai yi aiki ko da tty3 ka zaɓa. --noclear yana hana agetty goge allo lokacin da ta tashi. $TERM yana gaya wa manhajoji irin allon da suke rubutu a kai.

Akwai wani tarko da ya ci mini kusan awa guda. Da farko na yi wayo, na duba layin asali da systemctl cat getty@tty1.service, na kwafe shi, na ƙara --autologin allo kawai. Na sake kunna na'ura, sai ga suna ya shiga da kansa amma tana tambayar kalmar sirri. Dalili shi ne layin asali na ɗauke da -o '-p -- \\u', wanda ke tsara abin da agetty ke miƙa wa login. Da zarar -o na nan, agetty ba ya ƙara -f da kansa, kuma -f ɗin ne ke cewa an riga an tantance mutumin nan, a bar shi ya wuce. Ko dai ka cire -o ɗin baki ɗaya kamar yadda na rubuta a sama, ko ka mayar da shi -o '-p -f -- \\u'. Ni na farkon na zaɓa, ya fi gajarta.

In na'urarka tana tashi ne zuwa allon hotuna, irin Ubuntu ta tebur, to manhajar shiga ta GDM ce ke riƙe da tty1, gyaranka ba zai fito ba. Mayar da ita baƙin allo da sudo systemctl set-default multi-user.target. Ranar da ka so komawa, graphical.target za ka sa a wurin.

Don gwaji ba sai ka kashe na'ura ba. Koma tty2 da Alt da F2, shiga da asusunka na sudo, ka buga:

sudo systemctl restart getty@tty1.service

Kada ka buga shi kana zaune a tty1, zai yanke zamanka nan take, abin da ba ka adana ba ya tafi. Koma da Alt da F1. In ka ga alamar dala tana jiranka da sunan allo a gabanta, an shiga. In ba haka ba, journalctl -u getty@tty1.service -b zai nuna maka abin da ya faru tun tashin na'ura.

Shiga kaɗai ba ta biya buƙatar shagon ba, yaron ba ruwansa da alamar dala, jerin takardu yake so. Wannan a fayil ɗin .profile na asusun allo ake sa shi, /home/allo/.profile, a can ƙarshe:

if [ "$(tty)" = "/dev/tty1" ]; then
exec watch -n 5 lpstat -o
fi

watch yana maimaita umarnin lpstat -o duk daƙiƙa 5, shi kuma yana nuna ayyukan da ke kan layin firinta. Kai sai ka sa naka a wurin, ko htop ne, ko wata manhajar da ka rubuta. Lura, in akwai fayil mai suna .bash_profile a gidan asusun, bash, mai karɓar umarnin da kake bugawa, shi zai karanta ya ƙyale .profile, don haka a cikinsa za ka rubuta.

Sharaɗin nan na if ba ado ba ne. In ka cire shi, ko ta SSH ka shiga asusun daga gida, watch ne zai tare ka, kana danna Ctrl da C a yanke haɗin. Kalmar exec kuwa ita na fi so a duk aikin. Tana sa watch ya maye gurbin bash ɗungurungum, ba wai ya hau kansa ba. Saboda haka in wani mai ƙaiƙayin hannu ya danna Ctrl da C, ba wurin buga umarni da zai faɗa. Zaman ne zai ƙare, systemd ya sake tayar da agetty, a sake shiga, jerin ya dawo cikin ƙiftawar ido. Yaron shagon ya gwada a gabana sau uku yana dariya, ya ce abin kamar ƙofar banki mai rufe kanta. Amma wannan kariya iyakarta manhajar da ka zaɓa. In ka sa irin less ko vim, waɗanda ake iya kiran umarni daga cikinsu, to ƙofar a buɗe take.

exec ɗin nan kuma shi ya ba ni kunya ranar farko. Na rubuta wacth a maimakon watch. Aka shiga, bash ya nemi manhajar bai samu ba, zaman ya mutu, aka sake shiga, ya sake mutuwa. Allon ya yi ta walƙiya, can sai ya tsaya shiru. A tsarinsa na asali, systemd yana haƙura da hidimar da ta tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10. Yaya na tsaye a kaina da kwastoma biyu, ya ce, "Malam, gyara ka zo yi ko ɓatawa?" Alt da F2 ne ya fitar da ni. Na shiga da asusuna, na gyara harafin da sudo nano /home/allo/.profile, na buga sudo systemctl reset-failed getty@tty1.service, sannan na sake tayar da hidimar. Tun daga ranar nake gwada umarni da hannu kafin in sa masa exec a gaba.

Mai Raspberry Pi aikinsa ya fi sauƙi. sudo raspi-config, ka shiga System Options, ka zaɓi shiga ta atomatik a baƙin allo. Irin fayil ɗin nan yake rubuta maka, sai dai sunansa autologin.conf. Abin lura, asusun farko a sigogin Raspberry Pi OS da na yi aiki da su yana da sudo marar tambayar kalmar sirri, ka ga in shi ne ke shiga da kansa, ka miƙa wa duk mai wucewa makullin gida. Duba cikin /etc/sudoers.d, ko ka buɗe asusu daban ka canza sunan a fayil ɗin.

Wanda kuma ps ya amsa masa init, kamar mai Devuan ko tsohuwar Debian 7, /etc/inittab zai buɗe. Akwai layi mai kama da 1:2345:respawn:/sbin/getty 38400 tty1. Ƙara --autologin allo bayan kalmar getty, ka adana, ka buga telinit q ko ka sake kunna na'ura.

In wata rana ka so mayar da komai yadda yake, sudo systemctl revert getty@tty1.service zai cire fayil ɗin da ka ɗora, login: ta dawo.

Saura abu ɗaya da ba na Linux ba ne, amma in babu shi a irin wutarmu aikin rabi ne. Kwamfutar tebur in wuta ta yanke ta dawo, yawanci kwance take sai an danna maɓalli. Shiga BIOS, wato saitin kwamfutar kanta kafin Linux ta tashi, a Dell F2 ake dannawa lokacin tashi, ka nemi AC Recovery ƙarƙashin saitin wuta, ka mayar da shi Power On. A HP sunansa After Power Loss, wasu kuma Restore on AC Power Loss. Daga nan ka yi gwajin gaske: bari firinta ta gama abin da take yi, zare wayar wuta daga bango, ƙirga goma, mayar, ka naɗe hannu. Ya kamata ta taso, saƙonni su wuce, jerin takardu ya fito ba ka taɓa komai ba. Tamu a gwajin farko tsayawa ta yi tana neman a danna F1, agogonta ya koma baya da shekaru, saitin da na yi ya ɓace. Ƙaramin batirin da ke kan babban allon cikin kwamfutar (motherboard) ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Wurin mai gyaran agogo a bakin kasuwa na samo sabo, na sa, na sake saita AC Recovery, na sake zare wayar.