Yadda ake shirya yaro zuwa sansanin hutu na kwana

Da hutu ya ƙarato za ki ga yaro ya shigo da takarda a hannu yana ɗoki: "Umma, a sa min hannu, za mu tafi sansani." Wataƙila IVC ne, wato sansanin karatun addini na lokacin hutu, na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, kuma yawanci a Disamba ake yin sa. Wataƙila na 'yan Sikawut ne, ko na Boys' Brigade a coci, ko wanda Islamiyyar unguwa ta shirya a dogon hutun Agusta. Ni ina cikin masu cewa a bar su su je, domin yaron da bai taɓa wanke kwanonsa ba yakan dawo ya iya. Amma kada ki sa hannu a ranar.

Ki fara zuwa wurin da ƙafarki, ko mahaifinsa ya je. Galibi a makarantun kwana ake yi bayan ɗalibai sun tafi hutu, don haka ki duba katanga, ki ƙirga ƙofofi, ki ga masu gadi da nisan wurin da gari. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, babu mai ganin laifin uwar da ta yi wannan binciken. Ki leƙa banɗaki, ki ji inda ake samo ruwan sha. Tambaya mafi nauyi ita ce: wane babba ne ke kwana kusa da yaran, yara nawa ne a hannunsa, kuma mata ne kaɗai ke kula da ɓangaren 'yan mata? Ki karɓi lambar waya ta mutum biyu, saboda wayar ɗaya na iya mutuwa.

Daga nan sai maganar lafiya, kuma a nan ne kunya take cutar da mu. Idan yaronki mai sikila ne, ki faɗa, domin sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon. Idan asma ce, abin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa, ba a ƙasan jaka ba. Ki rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa, ki damƙa wa shugaban sansanin hannu da hannu. Mai fitsarin kwance kuwa, ki ja babba ɗaya gefe ki gaya masa, a riƙa tashinsa da dare, ki sa masa leda da zanen gado biyu. Dariyar yara a ɗakin kwana tabo take bari.

Kafin ranar tafiya ki gwada shi. Ya yi kwana biyu a gidan goggonsa ko kakarsa, ba tare da ke ba. Ki koya masa ɗaura gidan sauro da cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, da wanke ƙananan kayansa. Ki zaunar da shi ki ce: "Babu wanda zai kai ka wani wuri kai kaɗai, ko da malami ne. In wani ya taɓa ka inda bai dace ba, ka faɗa, ba zan yi maka faɗa ba."

Kaya kuma tare za ku haɗa, don ya san inda komai yake: bokiti, buta, kwano da cokali, tocila, silifas, sabulu, tabarma ko 'yar katifa. Ki rubuta sunansa a jikin kowanne. Damina na son gidan sauro mai magani da ledar zuba jiƙaƙƙun kaya, hunturu na son bargo, rigar sanyi da man shafawa. Ki ƙara garin kwaki, sukari da ƙuli-ƙuli, da 'yan canji kaɗan. In dokar wurin ta hana waya, kada ki ɓoye masa ita a cikin kaya.

Ranar rabuwa ki yi masa addu'a, ki taƙaita sallama. Kada ki ce "in ba ka ji daɗi ba zan zo in ɗauke ka", don da wannan maganar zai kwana yana jiran ki. Ki gaya masa kewar gida za ta zo da magariba, kuma tana wucewa. 'Yata ta yi kuka daren farko har malamarsu ta zauna gefenta. A rana ta uku ita ce ke rarrashin wata.

Idan ya dawo, ki bar shi ya yi barci, labari zai fito da kansa wajen cin abinci. Ki shanya katifa a rana, ki duba kansa da fatarsa saboda ƙwarƙwata da ƙazuwa. Zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana ne bayan kwana 10 zuwa 15 da cizon, to in jikinsa ya yi zafi a makonni biyun nan, ki kai shi gwajin jini a ranar.