Ga ƙannenmu na Garwa da Njamena masu zuwa Faransa karatun fiyano

Assalamu alaikum ƙannena. Saƙonninku sun yi yawa kwanan nan, daga Garwa da Marwa da Gaundare har Njamena. Yaro ya ƙware a fiyanon lantarki, yana yi wa mawaƙa kiɗa a biki ko a situdiyo, abokai sun ce hannunsa ya isa Turai. Wallahi ina murna da ku, don a lokacinmu ba ka isa ka ambaci kiɗa a zauren gidanku ba, sai a ce ɗan wane ya zama maroƙi. Amma raina na ɓaci in na ga mutum ya sauka da jaka ɗaya bai tambayi kowa komai ba.

Abin da kake bugawa a gida maɓalli 61 gare shi, marasa nauyi. Na nan 88 ne, kowanne ƙaramar guduma yake ɗagawa ta doki tsirkiya, kuma yatsunka za su gaya maka bambancin tun makon farko. A jarrabawar shiga za a nemi ka buga kiɗan manyan mawallafan Turai irin su Bach da Chopin da Beethoven da ka, sannan a ajiye maka takardar kiɗan da ba ka taɓa gani ba a ce karanta ka buga. Kunne kaɗai ba zai fid da kai ba. Waɗanda za ka kara da su tun suna shekara 5 ko 6 suke kan kujerar nan. Babbar makarantar kiɗa ta Faris, wadda aka kafa a 1795, da 'yar'uwarta ta Liyon suna da iyakar shekaru. École Normale, wata makarantar kiɗa a Faris wadda makaɗin fiyano Alfred Cortot ya kafa da abokinsa a 1919, ba ta duba shekarunka, amma ta kuɗi ce. Mafi yawanmu ta makarantun kiɗa na jihohi muka fara, kuma babu abin kunya a ciki.

Takardu ba su da wuya ga mai kiyaye lokaci. Ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban ƙasashen waje, ake bi, 'yan Kamaru a Yawunde ko Duwala, 'yan Chadi a Njamena. Za ka nuna kana da kuɗin zama, wanda a 2025 Yuro 615 ne a wata, sefa dubu 400 da 'yan kai ke nan. Akwai bizar zuwa jarrabawa, wadda in ka ci za ka nemi katin zama ba sai ka koma gida ba. In doguwar biza aka ba ka, ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da saukarka, kuma ka nemi sabuntawa wata 2 aƙalla kafin ta ƙare.

Inda ake kuka shi ne ɗaki. Ɗalibin lissafi gado da tebur sun ishe shi. Kai kuwa awa huɗu zuwa shida kake bukata kullum a kan abin da ake jin ƙararsa har hawa uku. Mai gida zai fara tambayar wanda zai tsaya maka, mai albashi a Faransa, kuma ba ya karɓar sunan kawunka ɗan kasuwa a Garwa komai dukiyarsa. Akwai Visale, tsarin da ke tsaya wa mai haya maimakon mutum, kyauta ne, ka nema tun kafin ka fara yawon duba ɗakuna, ko da yake wasu masu gidan sukan ƙi shi. Kuɗin ajiya na wata ɗaya ne in ɗakin babu kaya, na wata biyu in da kaya. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi kafin ka ga ɗaki da idonka, ɓarawo ne.

Ɗakina na farko a hawa na shida yake, ƙarƙashin rufi, babu lifta, murabba'in mita 9, iyakar ƙanƙantar da doka ta yarda a ba da haya. Na yi hayar fiyano tsayayye mai nauyin fiye da kilo 200, ƙarti suka hau da shi da ɗamara a kafaɗa, kowane hawa da farashinsa. Ba a yi mako ba na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Tsohuwar da ke ƙasa da ni ta rubuta sa'o'in da nake bugawa ɗaya bayan ɗaya, da jan biro. Daga nan sai wasiƙar mai gida ta gidan waya, irin wadda sai ka sa hannu ake ba ka. A nan ba ƙarar dare kaɗai ake tuhuma ba, ko da rana tsaka in abu ya yi yawa kuma yana maimaituwa maƙwabci na iya kai ka ƙara. Ƙarshenta fiyanon ya sauka yadda ya hau, na sake biyan ƙartin, aka kuma cire kuɗin bangon da ya karce daga ajiyata.

Bara wani yaron Marwa ya yi daidai haka, bayan na zaunar da shi na gaya masa. Don Allah ku ji. Ka faɗa wa mai gida gaskiya tun ranar farko cewa kai ɗalibin fiyano ne. Ranar karɓar makulli a zagaya ɗakin tare, kowane tabo a rubuta shi a takarda, ka ɗauki hoto. A ɗaki ka ajiye na lantarki mai maɓalli 88 masu nauyi, ka sa abin kunne, ka shimfiɗa kafet mai kauri ƙarƙashinsa don bugun yatsu ma yana ratsa daɓe. Fiyanon gaske kuwa a makaranta, ka yi sammako ka kama ɗakin atisaye kafin a cika. Ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta ka gaishe su, ka tambaye su lokacin da ba sa gida. Gaisuwa dai mun iya ta tun daga gida.

Jama'armu a nan ba sa barin nasu a titi. Na ga direban tasi ɗan Gaundare ya tsaya wa yaron da bai taɓa gani ba, don kawai ya san unguwarsu. Kada ka kunyata irin wannan mutum da ƙin biyan haya.

Batun ci da sana'ar, doka ta ba ɗalibi awa 964 na aiki a shekara. Gasar Chopin ta Warso, da ake yi tun 1927, sau ɗaya take zuwa a shekara biyar, kuma 'yan kaɗan ne a duniya ke rayuwa da hawa dandamali kawai. Sauran koyarwa suke, ko raka mawaƙa da 'yan rawa a aji. Ka nemi takardar shaidar koyarwa tun kana makaranta, kuma duk wasan da aka kira ka, a rubuta maka kwantiragi kafin ka zauna kan kujera.