Yadda Ake Haɗa Facin Gem a Tattara Shi Don Rabawa

Faci ƙaramin fayil ne da ke ɗauke da bambancin da ke tsakanin gem (wasan bidiyo) na asali da wanda aka yi wa kwaskwarima. Shi ake rabawa, gem ɗin kansa yana da haƙƙin mallaka. Sai dai faci ba ya aiki daidai sai a kan irin fayil ɗin da aka haɗa shi da shi, bayit da bayit, kuma yawancin matsaloli daga nan suke tasowa.

Da farko ka ajiye kwafin asali wanda hannu bai taɓa ba, ka fitar da lambar tantancewarsa ta CRC32 ko SHA-1. Manhajar 7-Zip tana yin wannan. Rubuta lambar ka adana.

Sai zaɓen nau'in faci. IPS tsohon yayi ne: ba ya wuce megabayit 16, kuma ba ya duba ko fayil ɗin da aka ba shi daidai ne, zuba canji kawai yake yi, sai an kunna gem a ga baƙin allo. BPS ya fi shi, domin yana ɗauke da CRC32 na asali da na sakamako, in bai dace ba sai ya ƙi hawa. Buɗe manhajar Floating IPS, ka nuna masa na asali, sannan wanda ka gyara, ya fitar maka da BPS. Ga manyan fayiloli na faifai, manhajar xdelta3 ce ta dace, ana rubuta mata umarni kamar haka:

xdelta3 -e -s asali.iso gyararre.iso faci.xdelta

Mai karɓa zai sa -d a madadin -e, ya jera asali, faci, sannan sunan sabon fayil.

Fayilolin SNES, wato na'urar wasa ta Super Nintendo, suna da tarko. Wasu na ɗauke da ƙarin bayit 512 a goshinsu, wanda tsofaffin na'urorin kwafi suka bari. Raba girman fayil da 1024. In ragowar ta zama 512, ƙarin yana nan, kuma in an haɗa facin da fayil marar ƙarin, duk canjin IPS zai sauka a inda bai kamata ba. Na Nintendo 64 kuwa, nau'ukan fayil na z64 da v64 da n64 sun bambanta a jerin bayit, don haka ka faɗi wanda ka yi aiki da shi.

Wajen tattarawa, zip ya isa, kowace kwamfuta tana buɗe shi. Sa faci a ciki tare da fayil ɗin bayani: sunan gem, fitowar Amurka ce ko ta Japan ko ta Turai, lambar tantancewa, manhajar ɗora faci, da lambar sigar aikinka. Kafin ka saki, kwance zip ɗin a sabuwar folda, ka ɗora facin a kan kwafi mai tsabta, ka buga gem ɗin.

In sabuwar siga ta zo, haɗa facinta daga na asali, kada ka ɗora kan siga ta baya, kuma ka sanar in tsohon ajiyar wasa zai daina aiki.