Yadda Ɗan Koyo Zai Kawar da Fargabar Tuƙa Mota Mai Giyar Hannu

Masu tambaya sun yawaita a kan rawar ƙafa wajen sakin kuloci, saboda haka ga matakan.

1. Ka nemi shimfiɗaɗɗen fili marar cunkoso, tare da direba mai haƙuri.
2. Ka gyara kujera yadda ƙafarka ta hagu za ta danne kuloci har ƙasa.
3. Ka tayar da motar tana firi, wato ba ta cikin kowace giya.
4. Ka taka kuloci ka saka giya ta ɗaya.
5. Ka sauke birkin hannu.
6. Ka ɗago ƙafarka sannu a hankali har motar ta fara motsi.

Hattara: a nan ne tsoro yake sa mutum ya saki kuloci gaba ɗaya, motar ta zabura ta mutu. Idan haka ta faru, ka taka birki, ka mayar da ita firi ka sake tayarwa; kada ka damu, domin ƙwararru ma tana mutu musu.

7. Ka ɗan taɓa totur.
8. Ka maimaita kullum kafin ka hau titi.