Kafin ka sayi aksul ɗin baya a tashlih (wurin sayar da kayan matattun motoci)

Assalamu alaikum 'yan uwa masu raya tsofaffin motoci a Jidda. Idan ka sa wa tsohuwar Caprice ko GMC injin da ya fi nata ƙarfi, aksul ɗin baya ne zai fara kuka. Da yawa kan koma wa na Ford mai inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, saboda ana zaro tukunyar giyarsa ta gaba ba tare da sauke aksul ɗin ba. Yana da kyau, amma ba kowace mota yake shiga haka kawai ba.

Ka tafi da tef. Auna faɗinsa daga inda taya ke zama zuwa ɗaya ɓangaren, ka gwada tazarar ramukan notin da rim ɗinka, sannan ka san sai an sake walda mazaunin sifirin, wataƙila a rage farfela.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lissafin giya, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Mai 4.11 yana fizga a tashi, amma ka hau titin Madina da shi cikin zafin Agusta, inji zai yi ta ihu yana shan fetur. Ni dai 3.00 ko 3.25 zan zaɓa. Kuma awon gudun mota zai canza, sai an daidaita shi.

Kafin ka biya, kwance notin mai, ka sa yatsa. In ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli ko man yana warin ƙuna, bar musu abinsu. Birkin ma a gyara shi tun kafin ranar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma.