Yadda Ake Duba Dutse Mai Launi Ba Tare Da An Kwashi Gubarsa Ba

Samari da dama a nan Sakkwato sun shiga harkar duwatsu, ana kawo musu a leda ko a ƙullin tsumma. Kusan duk sabon shiga da na gani, yana kwance ƙullin sai ya lashi dutsen don launin ya fito. Ɗan'uwa, ka daina. Ɗigon ruwa ya isa.

Ka fara da sa safar hannu ta roba, irin ta kemis, ba ta da tsada. Sai ka jijjiga dutsen a tafin hannu. In ƙarami ne amma ya yi nauyi, yana ƙyalli kamar azurfa, ɓarɓashinsa kuma mai kusurwa huɗu kamar ƙwayar sukari, galina ce, dutsen tozali. Nauyinta ya ninka na ruwa sau bakwai da rabi, kuma dalma ce cike da ita.

Sannan ka goga shi sau ɗaya a bayan fasasshen tayil. Galina tana barin zane ruwan toka mai duhu. Sinaba, wadda a da aka daɗe ana haƙowa a Almaden ta Sifaniya, zanenta ja ne, zaiba ce a cikinta. Opiment rawaya ne, da gubar asenik. Malakait mai kore da zobe-zobe, mafi kyawunsa daga Kwango yake zuwa, tagulla gare shi. Sau ɗaya na ce, kuma kar ka hure garin da baki.

Nan ne mutane suke halaka, wajen garin dutsen. Dutsen da ke zaune a dunƙule cutarwarsa kaɗan ce. Ranar da aka daka shi ko aka niƙa, ya zama ƙurar da yaro mai rarrafe zai kwasa ya kai baki. Abin da ya faru ke nan a Anka da Bukkuyum a 2010: ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Don haka turmin gida, injin niƙa, dutsen niƙan tozalin jarirai, duk babu su a wannan sana'a. In dole sai ka fasa, yi a wajen gida, ka jiƙa dutsen, ka rufe hanci, ba kuma ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ba.

Wanki ma da lura. Na taɓa jefa wani shuɗin dutse, kalkantait, cikin kofi don ya fita tas. Kafin in dawo daga sallar la'asar ya narke saura guntu, ruwan ya koma kamar an zuba bula. Kuɗina suka tafi, kofin ma na jefar.

Ajiya kuwa, kowane dutse da kwalbarsa mai murfi, ka rubuta suna, ka kulle inda yara ba sa kaiwa. Riyalga, wani jan dutse mai gubar asenik, ka ɓoye shi daga haske, in ba haka ba ya ruɓushe ya koma gari rawaya. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko goro.