Darasi Na 7: Guzurin Mota Kafin A Bar Kwalta

Wanda zai tashi daga Agadas ya nufi Bilma ta cikin saharar Tenere yana da tafiyar da ta haura kilomita 500 a gabansa, kuma tsakanin wannan rijiya da waccan babu bakanike, babu shagon kayan gyara. Abin da za a fara ɗorawa a mota kafin irin wannan tafiya shi ne baƙin mai, wato man inji, domin zafi da hawan tudun yashi suna sa inji ya sha mai fiye da yadda ya saba.

Ku duba jikin galan ɗin mai, za ku ga lamba da manyan baƙaƙe, kamar 15W-40 ko 20W-50. Harafin da ke tsakiya W ne, yana kama da M da aka kifar. Kowa ya kwafi lambar man da ke cikin injinsa a littafinsa, ya nuna wa mai shago, ya sayi galan guda mai lita 4 ko 5 wanda ba a fasa murfinsa ba.

Yanzu sai awon mai, kuma a nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe. Ku tsayar da mota a wuri mai shimfiɗe, ku kashe inji, ku jira kamar minti 10 mai ya kwanta. Ku zaro sandar awo, wato siririn ƙarfen da ke soke a jikin inji don duba yawan mai, ku goge ta da tsumma mai tsabta. Kada ku karanta ta tukuna. Ku mayar da ita har ƙarshe, ku sake zarowa, sannan ku duba. Zarowar farko ta gogewa ce, ta biyu ita ce ta karantawa, saboda lokacin da inji ke aiki mai yana fantsama ya jiƙa sandar har sama, sai ta nuna muku mai ya cika alhali ya yi ƙasa. Wanda bai gane ba kada ya ji kunya, ya sake gwadawa: a zaro, a goge, a mayar, a zaro, a duba.

A ƙasan sandar akwai alamomi 2, kuma ana son mai ya tsaya tsakaninsu. A yawancin motoci, daga ta ƙasa zuwa ta sama kusan lita 1 ne, don haka ku zuba kaɗan, ku dakata, ku sake awo. Da kuka sake awon, kun goge sandar? Makon jiya na tsaya a kan mutum 6, kowa ya zaro ya ɗaga ta sama ya ce, "Malam, akwai mai," ga tsumma rataye a kafaɗarsa bai taɓa ba. Haba jama'a, magidanta da ku, sau nawa za a faɗa? In fitila ja mai siffar buta ta kama a gaban direba, ku kashe inji nan take, ku yi awo, kuma ku goge sandar.

Bayan baƙin mai, ku riƙi man birki, wanda za ku ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikinsa, ku bar shi a robarsa ta asali don kada a rikita shi da wani abu. Ruwan lagireto, wato ruwan da ke sanyaya inji, jarkarsa daban, na sha daban, kuma ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Kayan aiki kun san su: safaya 2, jak da katakon da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse a yashi, famfon iskar taya, kayan faci, fambel (bel ɗin fankar inji), fis na wutar mota, sufana, filaya, igiya, shebur da tocila.

Gobe kowa ya zo da tsummansa, za mu sake awon mai.